Ƙyallayen Inna

Teburin ɗakin da muke gabatar da shiri na katako ne, kuma ba ya rufa wa kowa asiri. In ka ajiye bik a kansa, mai saurare a Mirriya sai ya ji. In baƙo ya hasala ya buga hannu, kamar an kaɗa wa mutum ganga a cikin kunne. Dalilin kuwa shi ne ƙafar makirfo a kan katakon take, duk abin da ya taɓa tebur sai ya bi ƙarfen ya hau. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da na kasa bari tun ina makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai: in magana ta yi daɗi sai in riƙa ƙwanƙwasa tebur da zobena ban sani ba. Mai haɗa mana sauti ya yi ta ɗaga mini hannu ta bayan gilashi har ya gaji. Ran nan bayan shiri ya ce, "Malama, ko dai ki cire zoben nan, ko ki samo wa teburin nan riga."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini. Na taɓa ganin irin rigar da yake nufi a wani gida a Yamai: dogon ƙyalle siriri mai ɗan kauri, wanda Turawa ke shimfiɗawa a tsakiyar teburin cin abinci, an harhaɗa shi da guntayen yadi kala-kala, an yi masa ado da zare a tsakiya. A lokacin dariya ya ba ni. Mu da muke cin tuwo a kan tabarma, me ya haɗa mu da yi wa tebur kwalliya? Da Inna ta gani, na san abin da za ta ce: mutane na yawo da yagaggiyar riga, wasu na ɗinka wa katako.

Inna tela ce ta cikin gida. Shekara fiye da talatin tana taka kekenta Butterfly a bakin ƙofar ɗakinta a unguwar Birni, nan Damagaram, tana ɗinka wa matan unguwa riga da zane da kayan yara. Ta rasu cikin azumin 2023. Bayan sadakar arba'in aka kira malami ya raba abin da ta bari tsakaninmu mu huɗu: Yaya, wadda ta girme ni da shekara 11, da yayyena maza biyu, da ni auta. Zannuwanta masu kyau an yi musu kuɗi an raba. Keken ya faɗo wajena don ba wanda ya nuna yana so. Akwai kuma wani ƙullin ƙyallaye a ƙasan adakarta, an ɗaure shi da tsohon kallabi. Malamin ya ɗaga shi ya ce wannan ai tsumma ne, ba ya shiga lissafi. Yaya ba ta wurin lokacin, tana can wajen mata masu gaisuwa. Na ɗora ƙullin a kan keken na sa aka kai mini gida.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, don shi ne ya tura ni ga ƙyallayen. Shekara goma sha ɗaya ina aikin rediyo. A cikin kwamfutata akwai muryar mahauta, da ta ungozoma, da ta ƴan kasuwa, da ta wata tsohuwa mai dakau da na yi hira da ita sau ɗaya ban sake ganinta ba. Muryar Inna babu. Duk lokacin da na nufe ta da na'ura sai ta kawar da kai ta ce ita ba ƴar rediyo ba ce. Ni kuma in ce bari sai wani lokaci. Tana sauraren shirina kullum, amma ba ta taɓa cewa ya yi kyau ko bai yi ba. In na je gaishe ta sai dai ta ce, "Muryarki ta dushe yau, kin ci abinci kuwa?" Bayan rasuwarta na bincike wayoyina tsofaffi da sababbi, ban samu ko gyaran muryarta ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Cikin ƴan kwanaki aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. Mu a Damagaram da Maraɗi layin da ke tasowa daga Katsina muka dogara da shi, saboda haka duhu ya same mu sosai. Gidan rediyonmu ya rage sa'o'in watsa shiri don man gurup ya isa. Shirina na dare aka ɗage shi, sai na wayi gari ina da maraice a hannuna, ba aiki, ba talabijin, waya kuma ana lallaɓa cajinta. Keken Inna yana lungu an rufe shi da zane. Shi dai ba ruwansa da kuran, ƙafa kawai yake so. Na share shi, na ɗiga masa mai, na sayo sabuwar igiyar da ke juya shi, sannan na kwance ƙullin.

Wanda bai tashi gidan tela ba zai ga tsumma ne. Ni kuwa kowane guntu na san inda ya fito. Ga ragowar shaddar da aka yi wa yayyena rigar Sallah. Ga ankon bikin Yaya, kore mai zanen ganye. Ga yadin rigata ta lakwal. Ga guntaye uku na zanen 13 ga Mayu na shekaru daban-daban, wanda ake bugawa kowace shekara don ranar matan Nijar. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san tushen ranar, don ita ta fara ba ni labarin kafin in karanta shi: a 1991 mata suka fito zanga-zanga a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ba su koma gida ba sai da aka ƙara musu kujeru. Ita da matan adashinta sukan sayi zanen, ita ce kuma mai ɗinka musu duka, ragowar ta shiga ƙulli.

Na auna teburin situdiyo na tsara abin a takarda. Tsawo santimita 120, faɗi 30. A tsakiya farar shadda mai tsawon santimita 40, inda za a yi adon zare. Kowane gefe kuma murabba'i 12, layi uku-uku sau huɗu, kowane ɗaya santimita 10 bayan ɗinki. Ke nan ina bukatar guda 24, kuma sai in yanka kowanne santimita 12 don a bar wa ɗinki santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Na yanka kwali daidai wannan awo ina ɗorawa ina zagayewa da alli. Kafin nan sai da na wanke ƙyallayen duka na goge su da dutsen guga na gawayi, domin yadin da bai taɓa shiga ruwa ba yana tsukewa, wanda ya sha wanki kuwa ya gama nasa. In aka haɗa su haka nan, ranar wankin farko abin zai yamutse.

Da na gama yanka, guda 16 kawai na samu masu girman da ake so. Sauran guntayen sun yi ƙanana. Kuma duk masu haske ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, babu mai duhu da zai kwantar da ido. A can ƙarshen ƙullin kuwa akwai zane guda cikakke, an ninke shi ƙanƙane. Shuɗi ne mai duhu da ɗigo-ɗigon fari, ya koɗe, bakinsa ya zare, tsakiyarsa ta yi laushi kamar za ta huje. Ban taɓa ganin Inna da shi ba. Ba zan yi ƙarya ba, tunanin in tambayi Yaya ya zo mini. Gidanta ko minti goma ba a yi a kan kabu-kabu. Amma almakashi na hannuna, fitila na ci, aiki ya yi daɗi, malami kuma ya riga ya ce tsumma ne. Na shimfiɗa shi na fitar da murabba'i takwas daga gefen da ya fi ƙwari.

Haɗa su ya koya mini cewa kallon ɗinki dabam, yin sa dabam. Na zauna gefen Inna shekaru, amma layina na farko da na biyu da na jera su, kusurwoyin ba su haɗu ba, kowane ya kama gabansa. Dalili shi ne wani wuri na ci santimita ɗaya, wani wuri ɗaya da rabi, kuma ƙaramin kuskure in ya taru sau huɗu ya zama babba. Na warware duka da reza. Sai na liƙa ƴar takarda a kan farantin keken, santimita ɗaya daidai daga allura, ina bin bakinta da bakin yadi. Na kuma gane cewa in na kwantar da ɗinkin layi ɗaya zuwa dama da guga, na ɗaya layin zuwa hagu, to wajen haɗawa sai su cije juna, kusurwa ta zauna daram. Shuɗin zanen nan, da yake ya tsufa, sai da na liƙa masa takardar nan ta teloli a baya, wadda ake mannawa da zafin guga, don kada allura ta keta shi. Dare tara na yi kafin gefe biyun su kammala.

Adon tsakiya ya fi ƙarfin kekena, sai na nufi Kasuwar Dole wajen wani dattijo mai aikin zare, wanda ya san Inna don takan aiko masa wuyan riga. Ya ce a Fagge ta Kano ya koyi aikin yana saurayi. Kekensa Singer 20U ne, mai ɗinkin da allura ke kaiwa dama da hagu. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashi da yake turawa da gwiwa: in ya tura, ɗinkin ya yi faɗi, in ya sassauta ya tsuke. Yadin kuwa a cikin zoben katako ake ɗame shi kamar fatar ganga, shi ne yake juya shi da hannu biyu yana bin zanen alli. Keken gudu kawai yake yi, siffar duk daga hannu da gwiwa take fitowa.

Na ce masa ina so a rubuta "Allah ya jiƙan Inna" a tsakiya. Ya tambayi inda za a shimfiɗa abin, na faɗa masa. Sai ya ajiye allinsa.

"Ƴata, tebur fa kika ce. Wani zai ɗora kofi, wani zai ɗora gwiwar hannu, wani ma takalmin yaro. Sunan Allah ba zan sa shi a nan ba, ko nawa za ki biya. Addu'a ki yi mata da baki."

Na ji kunya, don gaskiyarsa ce, kuma ni ban kawo wannan ba. Na ce to a yi dagi guda huɗu a jere, ɗaya don kowane ɗa da ta bari. Muka zaɓi zare ruwan zuma mai ƙyalli, muka shirya jaka uku. Ya ce kuma in gode wa Allah da na kawo farar shaddar ita kaɗai kafin in haɗa ta da sauran, domin aikin zare a kan yadi falle ɗaya ake yin sa, da takarda a bayansa ta riƙe shi. In an riga an yi masa ciki da shafi, zobe ba ya kama shi da kyau, kuma duk ƙulle-ƙullen zare za su fito ta baya.

Da nake yi masa bayanin yadda Turawa ke yin abin hawa uku, sama da ciki da shafi, a bi su da ɗinki a haɗe, sai ya yi dariya har ya tuɓe tabarau.

"Wannan ne aikin Turawa? Ke ba ƴar Birni ba ce? Ba ki taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallah kin ga ƴan lifida ba?"

Lifidi dai shi ne wannan rigar mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Yadi biyu ne ake cusa audugar rimi a tsakaninsu, a bi su da ɗinki layi-layi don kada audugar ta zame ta taru wuri ɗaya, kuma sau da yawa saman guntaye ne ja da fari da shuɗi aka harhaɗa. A zamanin yaƙi shi ke tare kibiya da sara. Na yi shekara talatin ina ganinsa, ban taɓa haɗa shi da abin da na gani a teburin Yamai ba. Abin da ke shanye ƙarfin kibiya shi ne zai shanye ƙarar zobena.

Sau uku ina komawa kasuwa kafin aikin ya fito, don kekensa da wuta yake aiki, wutar kuwa sai ta ga dama. Da ya fito ya yi kyau ƙwarai. Na haɗa shi da gefe biyun, na shimfiɗa shafi a ƙasa, tsohon bargo marar kauri a tsakiya, saman a kai. Bargon da na fara sawa ya yi kauri, ya karya mini allura biyu, sai na canza shi na kuma sa allura lamba 16. Na riƙe hawa ukun da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, daga tsakiya zuwa baki. A nan ma sai da na sha wahala, domin haƙoran keke na ƙasa suke ja, ƙafar keke kuma tana tura na sama, sai ka kai ƙarshen layi ka ga ya tattare. Na sassauta nauyin ƙafar ta wajen kusar da ke saman keken, na ƙara tsawon ɗinki, na riƙa farawa daga tsakiya kowane lokaci, layi da layi tazarar santimita 5. Abin ya kwanta. Kalmasa baki kawai ta rage.

Wata Juma'a da la'asar Yaya ta biyo. Na kawo mata ruwa, na ɗauko abin da ɗokina na shimfiɗa mata a kan gado. Ta fara murmushi, ta nuna koren ankonta, ta nuna yadin lakwal ɗina. Sai hannunta ya kai kan shuɗin ya tsaya.

"Auta, ina kika samu wannan?"

Na ce cikin ƙullin tsumman Inna.

"Yanka shi kika yi?"

Na ce ai ya tsufa, kuma da saura. Ba ta dube ni ba. Ta bi murabba'in takwas ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ta dubi tsakiya ta tambayi ma'anar dagin. Na ce mu ne, ƴaƴan Inna.

"Huɗu kika sa," in ji ta. "Mu biyar ne."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, ruwan ma ba ta sha ba.

Na san da shi, ba zan ce ban sani ba. Na taɓa ji sama-sama cewa bayan Yaya an yi wani namiji ya koma. Amma a gidanmu ba a kiran sunansa, ba hotonsa, Inna ba ta taɓa ambatarsa a gabana ba, ni kuma ban taɓa ƙirga shi ba. In an tambaye ni mu nawa ne, huɗu nake cewa, bakina ko rawa ba ya yi.

Sati uku Yaya ba ta ɗaga wayata. A cikin kwanakin nan na yi ta tara wa kaina hujja, irin ta ɗan jarida. Na karanta labarin matan Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, waɗanda talauci ya sa suke harhaɗa tsofaffin tufafin gona su yi abin rufa. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 har kan sarkin wasiƙa aka buga da hotunan aikin. Ɗaya daga cikinsu, Missouri Pettway, ta ɗinka nata a 1942 da kayan aikin mijinta bayan ya rasu. Na ce to ga shi, yanka tufafin mamaci a mai da shi abin amfani ba wulaƙanci ba ne, ƙauna ce. Na shirya jawabin tsaf. Amma duk lokacin da na maimaita shi a raina sai ya tsaya a wuri ɗaya. Matar nan mijinta ne, ta san kowace riga da gumin da ke jikinta, kuma da saninta ta yanka. Ni ban san abin da na yanka ba, kuma mai sanin tana nan kusa ban tambaye ta ba.

A makaranta abu na farko da aka cusa mana shi ne kada ka watsa abin da ba ka tabbatar ba, ka nemi wanda abin ya shafa ka ji ta bakinsa. Tsofaffin ma'aikatanmu da suka yi zamanin tef suna ba da labarin yadda ake yanka shi da reza a liƙa, in ka yanke kalma bisa kuskure sai ka durƙusa neman guntun a ƙasa. Mu da muka tarar da kwamfuta, in mun yanke sai mu danna mu mayar. Ina jin hannuna ya saba da hakan, har ya manta akwai yankan da ba ya komawa.

Ranar da na je, ban ɗauki jawabin ba. Na ninke ragowar zanen na sa a leda, na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Yaya, na yi laifi, ki yi haƙuri." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta buɗe ledar, ta ɗora zanen a cinyarta, ta fara magana ba tare da na tambaya ba.

Lokacin yunwar 1984 ne zuwa 1985, shekarar da damina ta ƙi, iyakar Nijeriya ma a rufe take kamar yadda aka rufe ta a 2023. Yaya tana da shekara shida, yaron bai cika biyu ba. Ƙyanda ta shigo unguwa ta same shi ba ƙwari. Inna ta goya shi da wannan zane ta tafi likita a ƙasa, Yaya na biye da ita riƙe da buta. Aka duba shi aka ba su magani. A hanyar dawowa Yaya ta ga Inna ta tsaya, ta kai hannu baya ta taɓa ƙafarsa, ta ɗan jima, sannan ta ja zanen ta rufe masa kai ta ƙara ɗaurewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ƙara sauri ba. Mutane na gaishe ta tana amsawa, har da masu tambayar mai jiki. Sai da suka shiga gida ta kira Baba ta ce ya zo ya karɓe shi. Bayan kwana uku ta wanke zanen ta ninke. Ba a sake goya kowa da shi ba, har ni.

"Duk shekara in tana shanya kayan adaka nakan gan shi," in ji Yaya. "Ba ta ce mini komai, ni ma ba na cewa. Ni da ita kaɗai muka san hanyar nan. Yanzu saura ni."

Ta faɗa mini sunansa. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na sha zama gaban matan da ban sani ba in tambaye su yadda ƴaƴansu suka rasu, don shirin kiwon lafiya, su kuma su ba ni amsa saboda makirfo na hannuna. Uwata ban taɓa yi mata tambaya ɗaya irin wannan ba. Na kira abin kunya da ladabi, kuma akwai su a ciki. Amma akwai kuma rashin kula, don wanda ya kula zai lura da zanen da ake shanyawa duk shekara ba a ɗaurawa.

Na ce wa Yaya in tana so zan warware murabba'in takwas in kawo mata. Ta ce me za ta yi da su, ai an riga an yanka. Ta ce, "Da kin tambaye ni da ban yarda ba. Har yau ma ban yarda ba. Amma je ki a sa na biyar ɗin."

Dattijon kasuwa ya juya abin gaba da baya ya ce ai ya gaya mini, bayan an haɗa hawa uku aikin ba ya kyau. Da na ba shi dalili sai ya yi shiru, ya jawo akwatin zarensa. Ruwan zuman da ya yi amfani da shi ya ƙare, daga Kano ake kawo shi, hanya kuma a rufe. Sai wani mai ɗan haske ya samu. Wuri ma babu, tun da huɗun sun cika layi. Ya auna da yatsa, ya zana ƙarami tsakanin na farko da na biyu, sama kaɗan da su. Ya ƙi karɓar ko dala. Dagin ya fito ya ɗan ja yadin da ke kewaye da shi, launinsa bai zo ɗaya da sauran ba, kuma shi kaɗai ne in ka juya abin za ka ga zarensa ta baya.

Kalmasar na fara ta da kaina. Yaya ta zo ta gani ta ce ta karkace, ba za ta iya kallon karkataccen ɗinki a jikin kayan Inna ba. Ta karɓe ta warware, ta yanka baƙin yadi siriri mai faɗin santimita 5, ta ɗinka shi ta gaba da keke, ta lanƙwasa shi baya ta bi da allurar hannu, ƙanana-ƙananan ɗinki da ba a gani. Yini biyu ta yi a gidana. A yini na biyu na ajiye na'urata a gefen tabarma na ce ko zan kunna, ba don rediyo ba. Ta ce in kashe. Can da aka jima, ba tare da ta ɗago ba, ta ce to in kunna, amma in wani ya ji ba ta yafe ba. Minti 47 na samu. Rabinsa faɗa take yi mini kan yadda nake riƙe almakashi, sauran kuma Inna ce da gidanmu kafin a haife ni.

A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, daga baya wuta ta dawo, shirina na dare ma ya dawo. Abin yana kan teburin situdiyo, ƙafar makirfo a kansa, kuma mai haɗa sauti ya daina ɗaga mini hannu, ko da yake zoben yana nan, ɗabi'ar ma tana nan. Yaya ta kafa sharaɗi biyu: kada a ɗora kofi ko kwalba a kan shuɗin, kuma kada ya kwana a wurin aiki. Saboda haka in baƙo ya zauna nakan matsar masa da ruwansa gefe, wasu su dube ni su yi shiru, wasu su tambaya. In an gama shiri in naɗe shi in sa a jaka. Ragowar zanen yana wajen Yaya, cikin adakarta. Ita kuwa har yau ba ta ce abin ya yi kyau ba, in na je gidanta sai dai ta tambaye ni ko na wanke shi, da ruwan sanyi, kuma ban matse ba.